Mota mai matsala 200 da mai matsala 120, wacce za ka hau zuwa Kusseri?

Duk shekara sai wani hoto ya zagayo a guruf-guruf na WhatsApp, jerin sunayen kamfanonin mota daga sama har ƙasa, kowanne da lamba a gabansa, wai ga motocin da suka fi ƙwari ga kuma waɗanda suka fi lalacewa. Nan take gardama ta ɓarke, mai Toyota na ta murna, mai Mercedes na cewa ƙarya ce kuɗi aka ba su, dillali kuma ya ajiye hoton a waya don ranar da zai yi ciniki da wani Alhaji. Abin da ban cika jin an tambaya ba shi ne, ita lambar nan me aka ƙirga aka same ta? Toh can maganar take, don mota biyu za su iya tashi da lamba ɗaya, alhali ɗaya rediyonta ne ke gardama ɗayar kuma injinta ne ya buga.

Galibin hotunan nan daga wani kamfanin Amurka suke fitowa, J.D. Power, wanda aka kafa tun 1968. Bincikensu biyu ne suka fi suna. Na farko suna tambayar wanda ya sayi sabuwar mota abin da ya gani a kwana 90 na farko, na biyu kuma suna komawa wajen mai motar bayan ta shekara 3 a hannunsa su ce me ya dame ka a wata 12 da suka wuce. Sai su tara duk ƙorafin su fitar da shi a kan mota 100. A binciken 2024 na motoci masu shekara 3, matsakaicin ya tsaya a matsala 190 a kan kowace mota 100, Lexus ta zo ta ɗaya da 135, Toyota na da 147. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Takardar tambayar na ɗauke da matsaloli iri 184 da aka kasa gida tara, daga injin har kujera har allon nan na gaban direba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: a wannan lissafi kowace matsala ɗaya ce. Wayarka ta ƙi haɗuwa da rediyon mota, ɗaya. Giya ta ƙi shiga kana tsakiyar titi, ita ma ɗaya. Kamar mutum ne ya dawo daga kasuwar dabbobi ya ce maka ya sayo kai goma, bai gaya maka tara kaji ne ɗaya sa ba. Kuma shekara da shekaru ɓangaren da ya fi tara ƙorafi a binciken nan shi ne na allo da kiɗa da haɗa waya, su Android Auto da Apple CarPlay, ba injin ba, ba birki ba. Kaga kenan motar da aka cika mata kayan zamani tana iya faɗowa ƙasan jeri ko da ƙarfenta lafiya lau.

An ga haka ƙiri-ƙiri da Ford. A 2010 tana ta biyar a binciken kwana 90, a 2011 ta faɗo ta 23, kuma babban abin da ya jawo shi ne wani allon taɓawa da suka saka mai suna MyFord Touch, wanda ke daskarewa yana ruɗa mutane. Kafin nan a 2003 masu Hummer H2 sun yi ta ƙorafin tana shan mai, wai mutum ya sayi ƙatuwar mota irin wannan sannan ya zo yana kukan mai, masu Mini kuma suka yi ta kukan wurin ajiye kofi bai yi musu ba, duk aka zuba a lissafi. Babu abin da ya lalace a motocin nan fa, haka aka ƙera su, mai su ne abin bai masa daɗi ba. Daga baya J.D. Power ya fara raba abin da ya lalace da abin da ƙirarsa ce ba ta yi ba, amma lambar da ke yawo a hoto dai jimilla ce.

Ni ban ce ƙirgan banza ba ne. Kamfanonin ƙera mota ne manyan masu sayen cikakken rahoton, kuma su a wajensu duk abin da ya ɓata wa mai saye rai abin dubawa ne, don Ba'amurken da allo ya ishe shi gobe wata mota zai saya. An yi awon ne don amsa tambayarsu. Tambayar mutumin Garwa da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru zai sayi okaziyo mai shekara 15 daban ce.

Toh sai mutum ya ce ai abu mai sauƙi ne, a ba babbar matsala nauyi mai yawa, ƙarama a ba ta kaɗan, shi ke nan. Bari mu gwada da lissafin da na ƙirƙira don misali kawai. A ce mota ta farko tana da matsala 200 a kan mota 100, 190 ƙanana 10 manya. Ta biyu tana da 120, amma 80 ne ƙanana 40 manya, irin su giya da injin. In ƙirga kawai za a yi ta biyu ta ci da nisa. In ka ce babbar matsala ɗaya daidai take da ƙanana 3, ta farko ta tashi 220 ta biyu 200, har yanzu ta biyu ce a gaba. In ka ce daidai take da ƙanana 4, ta farko 230 ta biyu 240, kambu ya koma kan ta farko. In ka ce 10 kuwa, 290 da 480, ba ma a haɗa su. Motocin ba su canza ba, amsar mutanen ba ta canza ba, tsakanin 3 da 4 kawai sarauta ta sauya gida. Wa ya ce 3 ne, wa ya ce 4? Mutum ne ya zauna a ofis ya yanke. Ba a auna wannan lambar da sikeli, ra'ayi ne, ko da ra'ayin masana ne.

Consumer Reports, wata ƙungiya ce a Amurka da ba riba take nema ba, tun 1936 take, su wannan hanyar suka bi. Membobinsu suke tambaya, a binciken 2023 sun tara bayanin mota sama da 330,000, sun kasa matsalolin fanni 20, kuma suna ba manyan abubuwa irin injin da giya nauyi fiye da ƙarar ƙofa ko fenti. Sannan tun a tambayar suna cewa ka faɗi matsalar da kai ka ɗauka babba ce saboda kuɗin da ta ci, ko haɗarinta, ko kwanakin da motar ta yi a ajiye. Wannan ya fi, babu shakka. Amma kula, an mayar da rabin hukuncin hannun mai mota kenan, kuma mutane ba ɗaya ba ne. Wanda ya zuba kuɗi mai yawa a motar alfarma ƙaramin ƙara ma babba ne a kunnensa, manomin da ke jan a-kori-kura kuwa sai ta ƙi tashi yake cewa akwai matsala. Ga mantuwa kuma, abin da ya faru wata goma baya in garanti ne ya biya ba kowa ke tunawa ba. Daga ƙarshe mai karatu maki ɗaya yake gani daga 1 zuwa 100, duk an dama an haɗe.

Jamusawa su kuma ba su tambayi kowa ba. Ƙungiyar direbobi ta ADAC ita ce ke zuwa ceton mutum in motarsa ta yi pan a hanya, sama da sau miliyan 3 a shekara, sai kawai su ƙirga pan nawa kowace irin mota ta yi a kan mota 1,000. Wannan awo ya fi kusa da zuciyarmu, don a nan matsala ita ce wadda ta tsayar da kai. Sai dai in ka buɗe cikin rahoton za ka tarar sama da kashi 40 cikin 100 na pan ɗin nan batir ne, batir ɗin tada mota na yau da kullum. A can batir ya mutu sai an kira ma'aikaci ya zo da motarsa mai ruwan ɗorawa an rubuta a takarda, a nan kuwa in giyar hannu ce yara huɗu sun tura ka saki kuloci ka wuce, ko ka ari batir ɗin maƙwabci. Kuma batir da ya mutu da injin da ya kama da wuta, a ƙirgan pan ɗaya ɗaya ne. Matsalar da aka gudu dai ta sake biyowa ta taga.

Akwai kuma rahoton TÜV, wanda ake haɗawa daga bizit teknik ɗin Jamus, wato duba lafiyar mota da doka ta wajabta, kusan mota miliyan 10 a shekara. A can sabuwar mota sai ta shekara 3 ake fara kai ta, daga nan duk shekara 2. Abin da ya burge ni a nan shi ne an riga an yanka matakan tsanani a doka, ba a bar wa mai mota ba: akwai ƙaramin aibu da za a ba ka takarda ka wuce, akwai babba da sai ka gyara ka dawo, akwai mai haɗari, akwai wanda motar ba za ta sake hawa titi ba sam. Faransa ma tun watan Mayun 2018 haka take, mataki uku, in babba ne kana da wata 2 ka gyara ka dawo, in mai haɗari ne takardarka daga tsakar daren ranar ta mutu. Ingila ma a watan ta koma tsarin. Amma shi mai bizit abin da zai kashe mutum ko ya gurɓata iska yake nema, birki, fitila, sitiyari, ƙafafu, yoyon mai, hayaƙi, tsatsa. Motar da giyarta ke kan hanyar mutuwa ko kilim ɗinta ya daina sanyi tsaf za ta iya wucewa da takarda mai kyau. Sannan rahoton ba ya iya raba laifin kamfani da sakacin mai mota, wanda bai taɓa leƙa gareji ba sai ranar bizit motarsa ce za ta ɗauki baƙin suna.

Kenan kowanne da abin da yake kira tsanani. Wani ɓacin rai, wani kuɗi da kwanaki, wani tsayawa a hanya, wani haɗarin rai. A Ingila mujallar What Car? tana tambayar abu biyu kai tsaye, nawa gyaran ya ci kuma kwana nawa motar ta yi ba ta aiki, wanda a ganina ya fi kowanne kama da yadda direban haya ke lissafi a kansa.

Su kansu injiniyoyin cikin kamfani sun daɗe suna fama da wannan. Suna da wata hanya da sojan Amurka ya fara rubutawa a 1949, masu ƙera mota suka ɗauka daga baya, ana kiranta FMEA. Kowace matsala da za ta iya faruwa sai a ba ta maki uku, kowanne daga 1 zuwa 10: muninta, yawan faruwarta, da wahalar gano ta kafin ta yi ɓarna. Sai a ninka ukun, mafi girma 1,000, wadda lambarta ta fi ita ake fara gyarawa. Ji yadda ninkin ke yaudara. Birki da zai iya ɗaukewa, muni 10, amma ba ya yawan faruwa 2, ana gano shi da wuri 2, ya tashi 40. Ƙarar roba a jikin ƙofa, muni 3, yawa 8, ganowa 5, ta tashi 120. Takarda ta ce a fara da ƙofa kenan. Shi ya sa a 2019 ƙungiyoyin masu ƙera mota na Amurka da Jamus, AIAG da VDA, suka fitar da sabon littafi suka ajiye ninkin, suka koma tsarin da ke fara duba muni tukuna kafin komai. In su da ke da injin a gabansu a kwance sai da suka shekara da shekaru kafin su gyara awonsu, ina ga takardar tambaya da ake aika wa mutum ya cike a falonsa.

Abu mafi muni kuma shi ne wanda ƙirga ba ya gani kwata-kwata. A 2014 General Motors ta janye motoci miliyan 2.6, su Chevrolet Cobalt, saboda wani ɗan ƙarfe a wurin saka makulli, makullin na iya juyawa da kansa mota na tafe, injin ya mutu, sitiyari da birki su yi tauri, jakar iska kuma ba za ta buɗe ba in an yi karo. Asusun diyyar da suka kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Raba ka gani, mutuwa ɗaya kenan a mota kusan 21,000. A ma'aunin matsala a kan mota 100 wannan ko ɗigo bai kai ba, motar za ta iya zama a tsakiyar jeri hankali kwance. Kuma wanda ya mutu ba ya cike takarda, haka wanda injinsa ya buga a shekara ta biyu ya yi fushi ya sayar, shi ma ya fita daga binciken da ke neman mai mota na farko a shekara ta uku.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne abin ya fi damuna. Tsananin matsala ba a jikin ƙarfen kaɗai yake ba, har da inda ta same ka da abin da ke kusa da kai.

Ɗauki hanyar Marwa zuwa Kusseri, kusan kilomita 260, ta Mora da Waza da Dabanga, wadda duk mai bin ta ya san ramukanta ya kuma san halin tsaron wajen. Mota ta tsaya tsakanin Waza da Dabanga da azahar, yaron mota ya karyo rassa ya jera a titi gaba da baya, fasinjoji sun sauka suna neman inuwar ƙaya da ba ta rufe kan mutum ɗaya ba, mata na ta fifita yara da gefen zani, direba na ƙarƙashin mota sai ƙafafunsa kake gani. Can ya fito da wani ɗan abu ya naɗe a tsumma ya miƙa wa yaron ya ce tare mashin ka je Mora, in babu ka wuce Marwa, kar ka dawo babu shi. Abin nan da ke cikin tsumma wataƙila bel ne ko tiyon ruwa, a takardar Bature ƙaramar matsala ce ta awa ɗaya a gareji. A nan kuwa kwana ne a daji da mutum goma sha. Wane nauyi za ka ba ta, 1 ko 10?

Ko kilim. A binciken ƙasashen sanyi kayan jin daɗi ne. A Garwa ko Njamena a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka ɗauko tsohuwa mara lafiya za ka kai ta asibiti, gilashi kuma na lantarki ne ya maƙale a rufe, ka gaya min ko jin daɗi ne. Haka duk abin da ya shafi sanyaya injin, fanka, lagireto, famfon ruwa, a wajenmu sahun gaba suke. Motar da ke hawa tsaunin nan na hanyar Ngaundare da lodi in fankarta na wasa ba za ta kai sama ba.

Sai kuma wanda ya fi kowanne cin mutane yanzu, ƙananan kayan lantarki. Sensa guda da ba ta kai babban yatsa ba ta lalace, kwamfutar mota ta hana injin ƙarfi, kana taka totur motar na rarrafe. A Jamus a ranar za a jona na'ura a gano a canza, garanti ya biya, mai motar ya sha kofi ya tafi, in an tambaye shi ma ƙila ya ce ba komai. A nan sai ka nemo mai na'urar da ta san irin motarka, in an gano sai a fara waya Duwala, a ce babu, a gwada Kano, a ce sai an yi oda daga Dubai, motar na ajiye a gareji ƙura na hawa, in ta haya ce kullum balas na tafiya. Shi ya sa tsohuwar Corolla ko Hiace da ke yawan neman ƙananan gyara amma kayanta na nan a kowace kwana, kowane bakanike ya san cikinta, ta fi wa mutumin nan wata motar da ba ta cika lalacewa ba amma ranar da ta lalace sai addu'a. A jerin Turawa ta biyun ce a sama.

Akwai ma matsalar da ke canza mataki da kanta in aka bar ta. Ka je gareji ka ga an kawo mota wai tana ɗan shan ruwa, abu kaɗan, kullum da safe ana ƙara mata gora ɗaya. Bakanike ya bari ta huce, ya buɗe murfin lagireto, ya ce wa yaronsa tada ta, sai ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro sandar awon mai ya goga a yatsa, man ya yi fari-fari ya yi kauri. Ya girgiza kai ya ce Alhaji tun yaushe take haka? Alhaji ya ce ai bai daɗe ba. Ya ce toh gaskit ɗin kan injin ya ƙone, sai mun sauke kai, Allah ya sa bai lanƙwashe ba. Asalin abin tiyo ne da ya tsage ko murfi da ya saki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A wane wata za ka tambayi Alhaji, watan da yake ƙara ruwa ko watan da aka sauke injin? Amsa biyu za ka samu a kan ciwo ɗaya. Injin PureTech 1.2 na Peugeot da Citroën misali ne da duniya ta sani, bel ɗinsa a cikin mai yake gudu, in ya fara ruɓewa ɓurɓushinsa na toshe matatar mai, abu ya tashi daga ƴar fitila a allo ya kai ga mutuwar injin, har yana iya taɓa ƙarfin birki, sai da aka yi janye a kansa. Irin motocin nan kuwa su ne ke tsufa a Faransa yanzu suna jiran jirgin ruwa.

Kar kuma a manta motar da aka auna ba ita ce ke iso mana ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Awon kwana 90 ko shekara 3 me zai gaya maka game da motar da ta shekara 15, ta sha gishirin titin hunturu, ta sauka Duwala ko Kwatano, sannan ta zo tana shan zuwa-zuwa daga kwalba a bakin titi da ƙurar hunturunmu? Wasu ma ba sa cikin jerin sam. Hilux ba a sayar da ita a Amurka, Land Cruiser 70 da ake ƙerawa tun 1984 ita ma haka, Peugeot kuwa ta bar kasuwar Amurka tun 1991. Motocin da sojan Chadi suka kora sojan Libiya da su a Fada da Wadi Dum a 1987, har yaƙin ya samu sunan Toyota, ba su da layi a hoton da muke gardama a kai.

Toh sai wasu su ce a bar Turawa da takardunsu, a tambayi bakanike. Ni ma shi nake fara tambaya, don ya san abin da babu a kowane rahoto, wane gyara ne ke ƙarewa a yini ɗaya wanne ne ke kwantar da mota wata guda, wane kaya ne ake samun na asali wanne ne sai jabu. Wajen auna tsanani babu kamarsa. Amma wajen yawa shi ma yana da makantarsa, don marasa lafiya kaɗai yake gani. In ya ce maka Toyota ce ta cika garejinsa, ai ita ce ta cika gari. In ya ce bai taɓa gyara wata iri ba, ƙila guda biyar ne a duk Marwa, ko kuma masu ita sun san ba zai iya ba suna wucewa wani wuri. Bature yana da adadin motocin da zai raba da su amma nauyinsa ba namu ba ne, bakanike yana da nauyin amma ba shi da adadin. Waɗanda ke riƙe da duka biyun su ne masu ajans na safara da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji masu motoci da yawa, don suna da littafin da ke nuna kowace mota kilomita nawa ta yi, kwana nawa ta kwanta, sefa nawa ta ci. In kana da ɗan uwa mai riƙe irin wannan littafi, hirar awa ɗaya da shi ta fi maka hoton WhatsApp goma.

In kuma rahoton Turawan za ka duba, kar ka tsaya a jimilla. Nemi inda aka rarraba, ka tsallake allo da kiɗa da fenti, ka je kan injin, giya, sanyaya injin, lantarki da ƙafafu, kuma ka duba na tsofaffin motoci, don TÜV na da rukuni har na masu shekara 10 zuwa sama. Ka duba irin injin da shekarar ƙira, ba sunan kamfani kaɗai ba, don ko Toyota tana da Camry ta wajen 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 da ta yi suna wajen shan baƙin mai, Ford kuma tana da Focus da Fiesta masu giyar PowerShift da suka kai ta kotu.

Sannan akwai jakar iska ta kamfanin Takata, wadda babu jerin da zai nuna maka ita. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa ne da zafi da laima in shekaru suka tura, ranar da aka yi karo sai ƙarfen ya tarwatse ya watso wa direba a fuska da wuya. A Amurka kaɗai an janye jakunkuna kusan miliyan 67, kamfanin ya karye a 2017, kuma abin ya shafi Honda da Toyota da Nissan da BMW da wasu da dama, a 2024 ma Citroën ta ce wa masu C3 da DS3 a kudancin Faransa su daina tuƙa su har sai an canza. Wasiƙar janye tana zuwa ne adireshin mai mota a can, motar da ta riga ta hau jirgi ba wanda zai biyo ta Garwa, ga mu kuma da zafin da ya fi nasu. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana kan kart giriz ɗinka, tana kuma ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. In motar daga Amurka ta fito ana saka lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, kyauta ya nuna ko akwai janyen da ba a yi ba, in ta Turai ce manyan kamfanonin suna da irin wannan wuri a shafukansu. Kafin ka biya dillali ka sa ya turo maka hoton lambar.